Ƙafar Lurwanu

Mansura na tankaɗen gari a tsakar gida sai ta ji ihun yayanta Mu'awiya daga ƙofa.

"Ban hana ka zuwa gidan ga ba, gurgu?"

Lurwanu ne, saurayinta, wanda ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Tama bara, har lokotoro ya yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. A asibitin mishan aka yi masa ta roba mai maɗauri, da ita yake zuwa har gonarsa ta albasa. Amma Mu'awiya ya rantse ƙanwarsa ba za ta auri rabin mutum ba.

Ta fito a guje, ko mayafi babu. Ta tarar ya riga ya kai Lurwanu ƙasa, baki duk jini. Ya fizge ƙafar robar har maɗaurin ya tsinke, ya hau ta da kulki sai da ta dare gida biyu. Sannan ya juyo kan mai ita.

"Yaya, don Allah bari! Mi ya yi maka?"

Ta faɗa tsakaninsu. Kulkin ya sauka a hannunta, ƙas! Ta ƙwalla ƙara. Lurwanu ya ja jiki cikin ƙasa ya kare ta da bayansa.

"Ni za ka kashe, Mu'awiya, ba ita ba!"

Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare shi, jandarma suka wuce da Mu'awiya garin Buza.

Mansura ta kwana da karaya a ɗaure. Ta dubi mahaifinta Malam Alƙasim, hawaye na zuba.

"Baba, ko ba shi da ƙafa ko guda, shi nike so."



Washegari Lurwanu ya dogara sanduna, dungulmin a kumbure, ya tafi Buza. Ya ce wa jandarma, "Na yahe mai, ita ma ta yahe. Ku sake shi, uwarshi ba ta ci abinci ba tun jiya."

Da labarin ya iso gida, Malam Alƙasim ya share ido.

"A kira min yaron nan. Na ba shi Mansura."

Mansura ta rufe fuska, kuka da dariya a haɗe. Ranar da za a gwada sabuwar ƙafa, Mu'awiya ne da kansa ya ɗauki Lurwanu a moto, ya kasa haɗa ido da shi.

Jama'a, kada ku auna mutum da ƙafa. Wanda ya iya danne zuciya, shi ne cikakken namiji.