Igiya Huɗu a Kafaɗar Ikilima

"Ɗaya... biyu... uku... huɗu!"

Hajiya Maijidda ta ɗago kai daga hoton da ke wayarta, ta dubi Ikilima da ke durƙushe a gabanta da farantin gasasshen kifi.

"Naki huɗu, na ɗana uku. Ke yarinya, ina ɗayar tasa?"

Ikilima ta sunkuyar da kai. Ta san hoton. Ita da Mahfuz ne a gindin jirgi cikin kayan aiki, igiyoyin muƙami na sheƙi a kafaɗunsu.

"Hajiya, ai shi mataimaki ne... ni ce kyaftin."

"Wato da gaske Salma take!"

Tun daga Nguru Hajiya ta taso da wannan zafin, ba ta sauke shi ba sai a Gashuwa, tsakar gidan Malam Babayo mai sayar da kifi, mahaifin Ikilima. Kuma tana da dalili. Babu gidan biki ko na suna da ba ta baza cewa ɗanta Mahfuz ke tuƙa jirgi, zai kuma auri ɗaya daga cikin 'yan matan da ke raba shayi a ciki ba. Sai ga Salma, 'yar ƙaninta, wadda tun tana goye ake kiranta matar Mahfuz, ta zauna ta warware mata ma'anar igiyoyin tsaf.

"In ta ce juya ya juya, Gwaggo. In ta ce sauka ya sauka."

Ya Falmata, mahaifiyar Ikilima, ta leƙo daga madafi.

"Haba Hajiya, ai a sama ne, ba a ɗaki ba."

"In ta saba a can ai ba za ta bari a nan ba," in ji Hajiya, tana gyara mayafi. "Na ji wani babban kamfani ya kira ki, kuma duk wanda ya je sai an cire masa igiya ɗaya. To ki je. Ranar da kika dawo daidai da shi, ranar za a kawo lefe."

Ko kifin ba ta taɓa ba. Salma ce ta ɗauki ƙaton yanka a kan hanyar fita.

Maganar babban kamfanin gaskiya ce. Inda su Ikilima ke aiki jirgin araha ne, irin wanda ko ruwa sai ka saya. Daga Legas zuwa Kano, Kano zuwa Maiduguri, a juyo a sake, har bayan mutum ya ƙage. Shi kuwa babban, jiragensa teku suke tsallakawa. Sai dai al'adar aikin ba ta san kowa ba: sabon zuwa ƙarshen layi yake kamawa. Kyaftin ya tashi daga kujerar hagu ya koma ta dama, ya zama mataimakin wani, sai shekaru sun ja kafin a sake duban sa.

Ikilima ta daɗe tana auna abin, kuma zuciyarta ta riga ta karkata. Tun tana ƙarama a Dagona, cikin kwalekwalen kakanta, take kallon tsuntsayen nan da aka ce daga ƙasar Turawa suke zuwa, tana son ganin inda suka fito. Saura kaɗan ta ce musu to.

Yanzu kuwa tafiyar ta fita daga ranta.

Mutum ɗaya ne tak ya san da kiran.

Washegari da la'asar sai ga Mahfuz a zaure, ya sha shadda, yana ƙamshi kamar ba shi ya yi ɓarnar ba.

"Kyaftin ɗina..."

"Ajiye wannan. Kai ka faɗa wa Hajiya zancen kamfanin?"

Ya sosa ƙeya.

"Iki, masoyiyata, duba mana. Da ma kina son tafiya. Kin tafi, Hajiya ta huce, an ɗaura aure. Wa ya yi asara?"

"Ni."

"Ta yaya?"

"In na tafi don ina so, na tafi da kaina a sama. In na tafi yanzu, duk Nguru za ta ce an sauke ni ne don ɗan Hajiya ya samu ya yi tsawo. Kai ka ce mata shayi nake rabawa?"

"Wallahi ban ce ba! Ita ta ɗauka haka... ni kuma ban gyara ba."

Ikilima ta daɗe tana kallon sa.

"Mahfuz, in muna sama na yi kuskure kana gani, me dokar aiki ta ce?"

"In faɗa."

"Ko kyaftin ce?"

"Ko waye."

"Ranar nan da za mu sauka Kano, wa ya ce mini gudun ya yi yawa?"

"Ni."

"Na ji haushi?"

"Godiya ma kika yi."

"To ka iya buɗe baki a gaban kyaftin, jirgi na gudu, amma ka kasa a tsakar gidanku kana zaune a kan tabarma!"

"Hajiya ce fa, Iki..."

"Ban ce ka yi mata rashin kunya ba. Cewa na yi ka faɗa." Ta miƙe. "Ba zan amsa wa kamfanin nan ba sai an ɗaura da igiyata huɗu. In sun gaji da jira, su ɗauki wani. In kai ka gaji, ga Salma can."

Ta shige gida. Sai da ta kai bayan randa sannan ta bar hawayen suka zubo, don kada Ya Falmata ta gani. Ta gani mana, yi ta yi kamar tana tsince shinkafa.

Shiru Mahfuz bai kira ba. Kamfanin kuwa suka kira, suka sake kira, daga baya suka ce rukunin bana ya cika, sai dai na gaba in da rabo. A Nguru aka ce Salma ta tare a madafin Gwaggonta, kullum sai ta aika wa Mahfuz dambun nama, har ta fara tambayar kuɗin lalle.

Ikilima ta goge kayan aikinta ta rataye. Hutunta ya kusa ƙarewa, kuma jadawalin aiki ya nuna da Mahfuz za ta tashi.

Labarin ya riga Mahfuz isowa Gashuwa, a bakin matan da ke kai bandar kifi kasuwar Nguru. Wai ana tsakiyar sunan jikar Hajiya, gida cike da mata, sai ga Mahfuz cikin kayan aiki. Ya durƙusa gaban uwarsa.

"Hajiya, ki yafe mini, akwai gyara a maganar da na bari ta yaɗu. Ikilima ba ta raba shayi. Ita ke riƙe da jirgin, ni mataimakinta ne, kuma a hannunta na ƙara ƙwarewa. Ba zan so a sauke ta saboda ni ba. Da huɗunta nake son ta."

Wai Hajiya har ta lalubo takalmi. Sai Hajiya Mairam, wadda suka yi shekara da shekaru suna gasar zinare da ita, ta dafe ƙirji.

"Tsaya! Wai surukarki ce ke tuƙa jirgin gaba ɗaya? Mace? Ni tawa ko injin markaɗe tsoro yake ba ta."

Hajiya ta dubi idon Mairam, ta ga abin da ta daɗe tana nema a ciki. A hankali ta mayar da takalmin ƙafarta.

"To da fa? Ai ba ma auren kowa da kowa."

Salma dai ba ta tsaya cin tuwon suna ba.

Da Mahfuz ya iso zauren, Ikilima ta harɗe hannu.

"Sai yanzu?"

"Na yi jinkiri, ranki ya daɗe. Amma na faɗa."

"Jinkirinka ya ja mini shekara guda a ƙarshen layi."

"Zan biya da wanke-wanke, sahibata."

Ta so ta ƙi dariyar, abin ya faskara.

Aka ɗaura aure a Gashuwa, aka kai amarya Nguru. Hajiya ta sa aka buga hoton nan na gindin jirgi a jikin bokiti da kalanda da faranti, ta raba har Jajimaji. Duk wadda ta karɓa sai an sa ta ta ƙirga.

Da rukuni na gaba ya buɗe, Ikilima ta tafi don ranta ya so. Ta koma kujerar dama a ƙaton jirgi, ta tsallaka tekun da idonta. Hutunta na farko ta biyo Nguru kai tsaye daga filin jirgin Kano, ko kaya ba ta sauya ba, ta durƙusa gaida Hajiya.

Hajiya ta amsa da fara'a, sannan idonta ya sauka a kafaɗar. Ta matso. Ta sa yatsa.

"Uku? Wane mara tsoron Allahn ne ya cire wa 'yata igiya?"

"Hajiya, ai haka dokar..."

"Dokar wa? Ni da na raba bokiti! Mairam na nan zuwa anjima. Mahfuz! Kai Mahfuz! Ciro ɗaya daga taka ka kawo mini, da zare da allura!"