Hawayen Da Aka Kai Babura

"Mas'uda! Wai miyar nan ba ta nuna ba ne? Ga su can sun sauka daga mota!"

"Ta nuna, Inna – man shanu kawai zan zuba!"

Tun safe gidan Malam Falalu, magatakardan hakimi a Kazaure, yake cikin hidima. Ya Kura ce za ta zo daga Babura, mahaifiyar Dunoma, saurayin Mas'uda da aka riga aka karɓi kayan gaisuwarsa. Kwaleji ɗaya suke a Kano, ta horon malamai, a shekarun nan da arzikin mai ya sa gwamnati ke buɗe makarantu tana neman malamai ido rufe. Iyaye sun yi alkawari: in sun haye jarrabawa suka fita gwajin koyarwa, za a sa rana. Mas'uda ta haye, an tura ta Roni. Dunoma, da yake sashen lissafi, ya ce shi ma ya haye, Gwiwa aka ba shi. To, me zai kawo Ya Kura in ba share fagen sa rana ba?

Mas'uda ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya Kura ko murfin ba ta ɗaga ba. Kallon yarinyar kawai take yi, tun daga ido har yatsun ƙafa.

"'Yata, yau wace rana ce?"

"Laraba, Iya."

"Madalla. Kin gane ni kuwa?"

Inna ta ɗago kai. "Ya Kura, lafiya? Wannan wace irin tambaya ce?"

Sai matar ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin tazargade, ta ɗora gorar rubutu a kan tabarma.

"Aishatu, ba da faɗa na zo ba. A riƙa turara mata wannan safe da yamma. An ce boko ya taɓa mata kai. Ba ta ci, ba ta barci, sai kuka. Har cewa take haruffa na yawo a takarda kamar tururuwa. Maganar aure kuwa, Alhaji, uban yaron, ya ce a dakata tukuna."

Faifan da ke hannun Mas'uda ya suɓuce. Haruffa kamar tururuwa! Mutum ɗaya tak ta taɓa faɗa wa wannan maganar a duniya.

Lokacin jarrabawa ne. Duk wanda ya yi kwaleji ya san yadda ɗakunan kwanan 'yan mata suke zama a irin wannan lokaci: wannan tana kuka, waccan tana lallashi, ana kitso ana yi wa juna tambayoyi, wadda ta kasa cin abinci a dama mata koko a tsaya a kanta har ta shanye. A yi kukan, a share ido, a koma kan littafi. Samari fa? Ƙwallo da yamma, rediyo a kunne, ka tambayi mutum ya ce maka, "Ba komai!" ko da cikinsa na ƙuna. Dunoma shi ne sarkin ba-komai.

A gindin dalbejiyar bakin laburare Mas'uda ta zauna da shi wata yamma, ta zazzage masa cikinta kaf, har maganar haruffan nan. Ta yi kuka har da shessheƙa, ya miƙa mata hankicinsa.

"Kai fa?" ta tambaye shi. "Ka rame, Dunoma. Lissafin nan bai dame ka ba?"

Ya yi dariya. "Haba, ni? Ai wannan izi ne, ba wata wuya. Mu maza ba ma wannan koke-koken."

Ta yarda da shi. Har sha'awar ƙarfin halinsa ta yi, baiwar Allah.

Bayan tafiyar Ya Kura, Malam Falalu ya shigo ya ji labari, ya hau faɗa. "A haɗa musu kayansu a mayar! 'Yata ce mahaukaciya?"

"Baba, don Allah a bari," in ji Mas'uda. "In aka mayar yanzu, cewa za a yi gaskiya ce muka ji kunya. Bari in je in yi aikina, kowa ya gani da idonsa."

Ta tafi Roni, amma maganar ta riga ta isa, don 'yan kasuwar hatsi ba sa tafiya da buhu kaɗai. Ranar farko iyaye mata suka yi cirko-cirko a tagar aji suna leƙe. Wani uba ya zo ya janye 'yarsa. In ta juya tana rubutu a allo, sai ta ji ana raɗa, "Malama mai iska." Ta tura wa Dunoma saƙo ta bakin direban motar Gwiwa cewa ya zo su yi magana. Shiru. Ta sake turawa. Shiru.

Wannan shirun ya fi raɗar yara cin ranta. Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta faɗa ɗakin Shatu, abokiyar karatunta da aka turo su tare, ta yi kuka mai isarta.

"Ni na ba shi da hannuna, Shatu! Abin da ko Inna ban gaya wa ba!"

"Yi kukanki, ƙawata. In kin gama ga dambu can, kuma gobe sufeto zai shiga ajinki."

Haka ta yi ta yi. Ta yi kuka, ta ci dambu, ta shirya darasi. Kafin zangon ya yi nisa yaran ajinta sun fara haɗa baƙi suna karantawa, har uban nan ya dawo da 'yarsa da kansa yana sunkuyar da kai.

Ranar wata kasuwar Gwiwa, Alhaji Zarami, mahaifin Dunoma, ya je sayen gero. Ya sayi kilishi ya nufi makaranta don ya ga ɗansa malami a gaban allo, ya ji daɗi. Hedimasta ya ce shi bai san wani Dunoma ba. Da aka bi sawu, sai ga shi a bayan gari, gindin tsamiya, cikin wando mai kari da farar taguwa, da littafi a cinya ko buɗewa bai yi ba. Ashe ɗaki ya kama a garin. Kullum sai ya yi shiri ya fito kamar mai zuwa aji, ya zauna nan har a tashi yara. Ya rame, idanu sun faɗa. Da ya ɗago ya ga mahaifinsa, sarkin ba-komai ya fashe da kuka kamar yaron goye.

Faɗuwa ya yi. An ce sai ya maimaita aji. Ya san in aka zo sa rana za a tambayi sakamako, shi kuwa ya gwammace komai da a ce mace ta haye shi ya faɗi. Da Ya Kura ta matsa masa kan ramar da ya yi, sai ya ce damuwar ciwon Mas'uda ce.

Alhaji Zarami da kansa ya tasa shi gaba har zauren Malam Falalu. Bayan manya sun gama nasu, aka kira Mas'uda. Dunoma ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe mini. Wallahi kunya ce. Na rasa wanda zan gaya wa."

"Ka rasa?" Hawaye suka zubo mata. "Ina zaune kusa da kai, na tambaye ka da bakina! Na buɗe maka cikina, kai ka rufe naka, sannan ka ɗauki nawa ka lulluɓe kanka da shi. Da ka ce mini ka faɗi, Dunoma, me zan yi maka? Jira kawai zan yi!"

Alhaji Zarami ya ce, "'Yata, duk hukuncin da kika yanke, mun karɓa."

"Baba, ni ba ni da hukunci. Maganar da ya saki ce nake so ya bi ya tattaro. Duk inda ta je, ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya."

Ya kuwa je. Ya tsaya gaban matan gidansu a Babura ya faɗa. Ya je Roni, gaban hedimasta da iyayen yara, ya ce, "Ni na faɗi jarrabawa, ni na yi mata ƙage." Ya Kura ta dawo Kazaure, ta durƙusa wa yarinyar da ta tambaya ko ta san rana, ta ci tuwonta har da neman ƙari. Ƙullin tazargaden kuwa Inna ta ajiye shi, ta miƙa mata abinta.

Dunoma ya koma ya maimaita ajin. A wannan karon ya koyi cewa "ban gane ba", ya koyi cewa "na gaji", ya kuma haye. Aka ɗaura aure, Mas'uda ta shiga ɗakinta da sunanta wankakke, ga takardar shaidar malanta da yabon sufeto. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai akwai abin da bai dawo da wuri ba. Shekaru bayan auren, in abu ya dami Mas'uda, mayafi take ɗauka ta tafi gidan Shatu, ta dawo da ido wankakke. Wata rana Dunoma ya tare ta a bakin ƙofa.

"Yaushe za ki sake yin kuka a gabana?"

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta. "Na yafe maka tuntuni. Idon ne bai yarda ba tukuna."

Ku samari, damuwa ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba. Wadda ta faɗi tata ta sami masu tallafa mata, wanda ya haɗiye tasa kuwa ta ci shi, ta ci na kusa da shi. Kuma duk wanda ya yi kuka a gabanka, amana ya ba ka. In ka ci ta, ana iya yafe maka, amma za ka daɗe kana jira kafin a sake ba ka irinta.