Littafin Mafarkin Umaima

Ranar Talata, 15 ga watan Agusta, 2023, gari ya waye a Dutse da yayyafi. Ba a ga rana ba sai wajen hantsi, ita ma ta fito ba ƙarfi, duwatsun da ke bayan unguwar Limawa suka wuni a jiƙe. Babu wanda ya ga wani abu na daban a gidan Malam Sadisu a wannan wuni. Matarsa, Malama Zaituna, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata, tana hutun ƙarshen shekara. Ta shanya kaya, ta kwashe, ta sake shanyawa. 'Yarsu Umaima, mai shekara goma sha bakwai, ta tuƙa tuwon dare ta rufe.

Aka kira sallar magariba, maigidan ya fita masallaci. Zaituna na tsugune a tsakar gida tana alwala sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗauka 'ya'yan darbejiya ne iska ta kaɗo. Na biyu ya faɗo da ƙarfi. Na uku ya gangaro ya tsaya a gaban butarta, ta sa hannu ta ɗauka. Dutse ne. Ko'ina a jiƙe yake, amma shi busasshe ne, da ɗumi, kamar yanzu aka ciro shi daga toka.

Ta kira Umaima, shiru. Ta same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, tana ƙirga yatsun hannunta. In ta kai ƙarshe sai ta koma farko.

"Umaima, tashi ki yi salla."

Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Auta," ta ce, "kin ce Juma'a za ki zo."

Butar ta suɓuce daga hannun Zaituna. Mace ɗaya ce a duniya ke kiranta Auta da wannan murya mai ɗan rawa, ita ce mahaifiyarta, Inna, kuma shekara guda da wata ɗaya ke nan da aka binne ta a Aujara.

Lokacin da ciwon Inna ya tsananta, Kubura, yayar Zaituna, wadda ke zaune da tsohuwar, ta kira ta a waya har sau uku. "Inna na tambayarki." Zaituna na tsakiyar duba takardun jarrabawa, ta ce sai Juma'a. Inna ta cika ranar Alhamis da la'asar. A wurin zaman makoki, gaban mata cike da tsakar gida, kunya ta juye wa Zaituna ta zama faɗa. Ta ce da Kubura ta kai Inna asibiti da wuri da ba a kai ga haka ba. Kubura, wadda ta yi wata huɗu tana ɗaga tsohuwar tana kwantarwa, ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar magana ba ta ƙara haɗa su ba. Zaituna ta kira sau biyu ba a ɗauka ba, ta bari.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa mafarkin Inna ba. Wata rana ta karanta a wayarta cewa duk wanda ya ajiye littafi a gefen kansa, yana rubuta mafarkinsa da ya farka tun kafin ya motsa, zai riƙa tunawa da su sosai. Idan kuma ya saba ƙirga yatsunsa da rana yana tambayar kansa ko a farke yake, wata rana zai yi hakan a cikin barci, ya gane mafarki yake yi, ya tafi inda ya ga dama. Ta sayo littattafai biyu masu falle arba'in, ɗaya nata, ɗaya na Umaima da ta ɗauki abin wasa. Na Zaituna ya tsaya a shafi na uku, don ba ta ganin komai sai aji da allo. Na Umaima kuwa ya yi ta cika.

"Umma, na gane!" ta ce wata safiya, tana dariya. "Na ƙirga na ga yatsu shida, na san mafarki ne. Na ce bari in tashi sama, wallahi na tashi."

Zaituna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta rage murya.

"In kin sake ganewa, ki je gidan Inna. In kin gan ta, ki tambaye ta ko ta yafe mini. Kada ki gaya wa Abbanki."

Ita ce ta koya mata ta riƙa maimaita "yau zan ga Inna" har barci ya ɗauke ta, kada wata magana ta biyo baya. Da farko Umaima kan yi addu'ar kwanciya sannan ta fara. Da tafiya ta yi nisa, addu'ar ta faɗi a hanya.

Kullum in yarinyar ta shiga wanka, uwar kan buɗe littafin. Umaima ta rubuta: Inna tana zaune a bakin tsohuwar rijiyar da ke bayan gidanta, ta juya baya. Bayan kwana biyar: Inna ta yi magana, ta ce a gaya wa Auta ta yafe. Zaituna ta yi kuka a kan wannan shafi har rubutun ya ɓaci, ta yi barcin da ta shekara ba ta yi irinsa ba. Shafukan da suka biyo baya ba su da daɗi. Inna ba ta yarda a ga fuskarta. Inna ba ta da inuwa. Inna ta ce, "In biyo ki gida?" na ce ta taho mana. Wannan ma Zaituna ta karanta, ta rufe littafin. Can cikin ranta ma daɗi ta ji.

Tun daga daren da aka fara jifan, kwana tara aka yi ana abu ɗaya. Da rana gidan lafiya lau. Da an kira magariba sai jifa, sai ƙarar daka a kicin alhali turmi na kife, sai warin ruwan rijiya da ya daɗe a rufe ya cika ɗakuna. Umaima ta daina cin abinci. Wuyanta ya zuƙe, ba ta amsa sunanta. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba. Maƙwabta suka daina aiko neman wuta ko gishiri.

"Ke ba ki lura da komai ba kafin abin nan ya fara?" Malam Sadisu ya tambayi matarsa.

"A'a," ta ce, tana zaune a kan katifar da ta ɓoye littafin a ƙarƙashinta.

A rana ta goma ya je Jahun ya ɗauko Malam Ashafa, tsohon da ya karantar da shi Alƙur'ani. Suka iso bayan la'asar. Malam bai zo da komai ba sai carbi. Ya nemi tabarma da ƙwaryar ruwa, ya sa aka zaunar da Umaima a gabansa, mahaifinta na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Dutse ɗaya ya faɗo, sannan shiru.

"Kai tsoho, ba ka gajiya?" Muryar ta fito daga bakin Umaima, leɓenta ba ya motsi sosai. "Ka sha ruwa mana, maƙogwaronka kamar ana jan langa-langa."

"Wace ce ke?"

"Uwar matar gidan nan."

"Wanda ya mutu ba ya dawowa ya yi jifa. Faɗi gaskiya."

Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa mata ruwan. Umaima ta banƙare, ta yi wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka tashi. Da muryar ta dawo, ba ta Inna ba ce. Busasshiya ce, kamar daga rami.

"A rijiyar bayan gidan uwarta nake, a Aujara, tun kafin a haifi matar gidan nan. Shekara hamsin ina jin tsohuwar na kiran 'ya'yanta. Ɗaukar muryarta wani aiki ne?"

"Me ya kawo ki?"

"Gayyata. Mu kullum muna giftawa ta mafarkin mutane, su farka su manta, hanya ta toshe. Wannan kuwa duk safiya sai ta rubuta hanyar, lungu-lungu. Ta bar addu'a, ta kira, na amsa. Ni me na yi? Tambayi wadda ta aiko ta."

Malam Sadisu ya juyo ya dubi matarsa. Zaituna ta tashi, ta shiga ɗaki ta fito da littafin. Ta durƙusa ta ajiye a gefen tabarma.

"Ni ce, Malam. Ni na aike ta."

Malam ya buɗe shafi biyu uku, ya rufe.

"Malama, mafarki mai kyau a kan faɗa wa wanda ke ƙaunarka. Mummuna kuwa tofi ake yi a hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, a bar shi ya mutu. Ku kuma kun shimfiɗa masa tabarma." Ya koma ga yarinyar. "Za ki fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

"To a bar ni zuwa kaka. Rijiyar ta cika da ruwa, sanyi."

"Yau."

Sai kan Umaima ya juya wajen uwarta. Fuskar ta yi laushi, muryar nan mai ɗan rawa ta dawo.

"Auta. Auta, korata za ki yi? Na daina jifa. Yarinya za ta ci abinci, ta koma makaranta. Dare ɗaya kawai a sati. In zo in ce miki na yafe, ki yi barci. In na tafi, wa zai ƙara faɗa miki?"

Zaituna ta rufe fuskarta da mayafi. Malam ya ajiye carbinsa.

"Ke kika buɗe, Malama, ke za ki rufe. Ina iya korarta yau, ki sake kiranta gobe."

Daga nesa ana jin liman ya tayar da salla. Zaituna ta sauke mayafin.

"Me Inna ta ce a kaina kafin ta cika?"

"Ai na gaya miki, ta yafe..."

Malam ya ɗauki ƙwaryar ruwan.

"Ban sani ba!" busasshiyar muryar ta ce da sauri. "Ban sani ba. Waccan yayar taki ta zauna a kanta kwana uku tana karanta Yasin, ko kusa da taga ban iya zuwa ba. Ita ta ji. Ni ban ji komai ba."

Zaituna ta matso, ta kama hannun 'yarta. Sanyi ƙalau, duk ƙashi.

"Ke ba uwata ba ce," ta ce. "Uwata na kabarinta, ta tafi tana jirana ban zo ba. Ban san ko ta yafe mini ba. Ba na son yafiyarki. Fita daga jikin 'yata."

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo gidan ba, ba kuma za ta taɓa kowa a Aujara ba. Ta yi gunaguni, ta ce mutanen birni ba su san darajar baƙo ba, sannan ta rantse. Umaima ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a hannun mahaifinta. Warin rijiyar ya ɗauke kamar an buɗe taga.

"Abba," ta ce da muryarta, "an yi magariba ne? Ban yi la'asar ba."

Aka ƙone littattafan biyu a murhu. Malam Sadisu bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai, yana kallon wutar, shi ne, "Na tambaye ki, Zaituna." Da ya daka mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

Umaima ta ɗauki kwanaki kafin ta murmure. Wata safiya tana shan kunu ta ɗago.

"Umma, ashe ba Inna ba ce? To yafiyar fa?"

"Babu," Zaituna ta ce. "Ke ki yafe mini tukuna."

Kwana huɗu ta yi tana rubuta wasiƙar, ta yaga uku. Duk wadda ta karanta sai ta tarar ta saka uzuri a ciki: jarrabawa, shugabar makaranta, hanya. Ta huɗun ba ta kai rabin shafi ba.

"Yaya Kubura, ina gaisuwa. Abin da na faɗa a gaban mutane ƙarya ne. Ba ke kika makara ba, ni ce. Kin kira ni sau uku. Ban rubuto don ki gaya mini abin da Inna ta ce ba. In kin ga dama ki riƙe shi, ke kika zauna kika ji. Ina so in zo in janye maganata a gaban matan da suka ji ta, in kin yarda in shigo gidan. Ƙanwarki, Zaituna."

Da hantsi ta hau a-daidaita zuwa tasha. Ta sami motar Jahun saura mutum biyu ta cika, direban ɗan Aujara ne, ya san gidan. Ta riƙe ambulan ɗin har fasinjojin suka shiga, ya tayar da mota, ya miƙo hannu ta taga.

"Hajiya, kawo mana, rana na yi. In jira amsa ne?"

Ta saka masa a hannu.

"In ta ba ka, ka kawo. In ba ta ba ka ba, kada ka tambaya."

Ya cusa wasiƙar a aljihun gaban rigarsa, ya ja mota. Zaituna ta tsaya a wurin har motar ta fita daga tasha ta hau titi.