Gilashin Malam Dikko

Karon farko da Zara'u ta ga Rabilu, a kife ta gan shi, kai ƙasa ƙafafu sama. Haka tsohuwar kyamarar mahaifinta take nuna kowa, ko da prefe ne, shugaban gunduma, ya zo da kansa. Akwatin katako ce babba mai ƙafa uku, sai an lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin a ga hoto a allon da ke bayanta. Ranar kasuwar Tasawa ce, Zara'u tana cikin ƙyallen tana saita kujerar masu hoto, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya mata a tsakiya.

"Malam, matsa, ka tare mani haske," ta ce daga ciki.

"Ikon Allah! Ashe kyamarar magana take yi."

Ta yaye ƙyallen ta galla masa harara. Shi kuwa ya saki baki yana kallonta har ya manta da sallama.

Ɗan Tchaké ne, ya koyi aikin hoto a Yamai. Can ya samo wani gilashin kyamara na zamani, wanda shi yake kira objektif, ya naɗe shi a rawani yana yawo da shi kamar jinjiri. Duk ƙasar Tasawa da Mayahi babu akwatin da zai ɗauki wannan gilashi sai na Malam Dikko, mahaifin Zara'u, wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar hoton mutane.

Daga ranar, Rabilu bai sake fashin kasuwar Tasawa ba. Wai gilashi ya kawo shi. To, gilashi dai ba ya karɓar lambar waya, amma shi ya karɓa. Sai saƙonninsa suka fara shigo mata a waya.

"Zahrata, yau na ga raƙumi a hanyar Mayahi, na so in ɗauke shi hoto, sai na tuna ba ke za ki wanke ba, na fasa."

"Ɗan Tchaké, raƙumi ya tuna maka da ni? Ka kyauta."

"Komai yana tuna mani da ke. Shi dai ya fi tsawo ne."

Ta yi dariya ita kaɗai a ɗakin wankin hoto. Ta san ta kamu, ba ta kuma yi wa kanta musu ba.

Akwai abu guda da Zara'u ta ɓoye masa, ta ɓoye wa duk garin. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe idanun Malam Dikko. Yakan shiga ƙyallen ya ɗan jima, sannan ya fito ya ce, "Zara'u, duba mani ko allon ya yi datti." Ita kuma ta shiga ta saita hoton a ɓoye. Ba su taɓa yin zancen ba ko sau ɗaya. Amma hotunan da ya ɗauka shi kaɗai kafin ta gane suna nan rataye a bango, duk sun yi dishi-dishi.

Wata ranar kasuwa, shago cike da mutane, Rabilu ya nuna bangon da yatsa.

"Baba, waɗanga ba su hita ba. Gilashinku ya gaji, babu sauran kaifi. Ku sa nawa ku ga aiki."

Malam Dikko ya miƙe a hankali.

"Tun ba a yi auren uwarka ba nike aiki da gilashin ga. Kwashi tsummanka ka ba ni wuri."

Da kawun Rabilu ya zo neman izini bayan mako biyu, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Malam Dikko ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna da marar kunya ba. Hankalinsa ya karkata ga Sulaiman, mai studiyo a bakin tasha, wanda kullum yake zuwa gaisuwa yana yabon duk abin da ke bango.

Sulaiman ya ɗauki Zara'u hoto da wayarsa, ya gyara a ordinata, wato kwamfuta, ya kawo mata a firam. Ta duba ta ga wata farar mace mai kama da ita.

"Wace ce wagga?"

"Ke ce mana. Na ɗan haska ki ne, kin hi kyau haka."

"To ka kai mata kayanta. Ni baƙa ce, haka Allah Ya yi ni, kuma ban yi kuka ba."

Ta ajiye masa firam ɗin a cinya ta shige gida. Amma fushin da take yi da Rabilu ya fi wannan zafi, don shi take so. Da dare sai ga saƙonsa.

"Zahrata, ban zagi Baba ba. Gaskiya na faɗa."

"Rabin gaskiya ka sani. Ka kunyata tsoho a gaban mutane a kan ɗan gilashi."

"To faɗa mani sauran rabin."

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Kwana biyar ba ta sake amsa masa ba. Ta yi kuka, ta share, ta sake yi. In ta tona, ta tsiraita mahaifinta. In ta yi shiru, ta rasa Rabilu. A rana ta shida ta samu Malam Dikko a zaure bayan sallar azahar, ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, Sulaiman dai ba zan aure shi ba, ko za a yanka ni. Shi kuma Rabilu, a kan gilashi kuka kore shi, to a gwada gilasan. Kujera guda, haske guda, takarda iri guda. Ku za ku zauna, ni zan ɗauka, a gaban kowa."

"Ke? A gaban kowa?"

"Ni. Na gaji da duba datti, Baba."

Malam Dikko ya gyara zama. Daga baya ya ce, "In nawa ya ci, kada yaron ga ya sake taka ƙofata."

"Na yarda. In kuma ba haka ba, ku ma ku yarda."

Ta aika wa Rabilu saƙo gajere: "Ka zo ranar kasuwa da jaririn naka. Ka zo da ladabi."

Ranar, har masu goro suka bar tirensu suka zo kallo. Malam Dikko ya zauna da farar babbar riga da hula, rana ta ɗan karkata, inuwar rumfa ta faɗo masa a goshi. Zara'u ta ɗaura tsohon gilashin mai bakin tagulla, ta shiga ƙyalle ta saita, ta cire murfi ta ƙirga huɗu ta mayar. Ta kwance shi ta ɗaura na Rabilu, ta maimaita. Sannan ta shige ɗakin wanki ta bar su suna zufa.

Da ta fito, ba ta sa wa hotunan alama ba. Ta miƙa wa mahaifinta duka biyun.

Ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya kawo su dab da hancinsa, ya janye, ya sake kawowa. Sulaiman ya yi wuf ya nuna na hagu.

"Wanga naku ne, Baba! Dubi kaifi! Ai ko makaho ya san ya hi."

"Na Rabilu ne," in ji Zara'u, ba ta ko dube shi ba.

Mutane suka bushe da dariya, Sulaiman ya hau gyaran hula. Rabilu bai yi dariya ba. Idonsa yana kan tsohon, a kan yadda yake lalubar takardar, sai kawai ya gane. Ya dubi bango, ya dubi Zara'u, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa kusa da kujerar, ya sassauta murya.

"Baba, bari in faɗi abin da na gani, ku gyara mani. Na hagu nawa ne. Ya hi kaifi, ana iya ƙirga zaren aikin wuyan rigarku. Amma ya raba fari da baƙi da ƙarhi, rigar ta yi fari fat, fuskarku ta nutse cikin inuwa, ba a ganin idanunku. Na dama naku ne. Zaren bai hita haka ba, amma ga goshinku, ga tabon sallah, ga murmushin da kuke ɓoyewa. Nawa riga ya ɗauka. Naku ya san fatar mutanenmu. Gilashinku bai gaji ba, Baba, bakina ne ya yi gaggawa. Ku yafe mani."

Bai ambaci bango ba, bai ambaci ido ba. Malam Dikko ya ji abin da aka faɗa, ya kuma ji abin da aka rufe masa. Ya ɗaga kai ya fuskanci taron.

"Jama'a, yaron ga ya rufa mani asiri, amma ni zan buɗe. Shekara uku ba ni gani. Duk hoton da kuka yaba, ɗiyata ta ɗauka." Ya laluba ya dafa kan Rabilu. "Ce wa kawunka ya dawo. Akwai tabarma."

Zara'u ta ja ƙyallen kyamarar ta rufe fuskarta, don kada masu goro su ga hawayenta.

An sa ranar aure bayan kaka. Ita ce ta ƙara sharaɗi guda, ta ce ba za ta sa lalle ba sai an kai Baba Maradi an cire masa yanar. Ya yi gardama, ta fi shi. Rabilu ne ya riƙe masa hannu har ƙofar likita.

Da aka ɗaura aure, bayan la'asar aka fito da akwatin zuwa tsakar gida. Amarya ta ce tsohon gilashin take so, don fuskarta ta fito a cikin farin mayafi yadda take. Rabilu ya raɗa mata, "Zahrata, to nawa fa?"

"Naka ya ɗauki rigarka gobe, angona."

Malam Dikko ya shiga ƙyallen da kansa. Ya jima. Ya ƙara jimawa. Babu wanda ya ji an kira Zara'u ta duba datti. Sai aka ga kafaɗun tsohon suna girgiza a ƙarƙashin baƙin yadin.

"Baba, lahiya?" ta tambaya.

"Kada ki motsa, ɗiyata," in ji shi daga cikin ƙyallen. "Rabona da in gan ki tun kina 'yar sha tara. Ashe haka kika zama. Allah Ya yi maku albarka, Ya ba ku zuri'a mai kama da ke."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin, shi kuma ya miƙa hannu ya cire murfin.