Rawayar Ɗakin Mama

Ranar da Radiyya ta shiga shagon fenti a Ƙofar Wambai, ɓallin bango ne ƙulle a gefen mayafinta.

"Irin wannan rawayar nake nema. Ta ɗakin mamana ce, Allah ya jiƙanta. Baba ya ce ko ita, ko a bar bangon haka."

Abdulbaqi mai fenti ya jujjuya ɓallin, ya buɗe mata gwangwani biyu. Rawaya ɗaya kamar man shanu, ɗayar ta ɗan fi ja, kamar ƙwaiduwa.

"Ai duk ɗaya ne," ta ce.

"A shago ɗaya ne, ranki ya daɗe. Bango zai raba su."

Ya je gidan ya shafa kowace a gefenta. Aikin minti goma ne, amma bawan Allah sai da ya yi mako yana zuwa duba bango. Ita kuwa ta rasa me ya sa take ɗokin zuwansa haka, har saƙonsa ya shigo: "Fitilata, yau wacce ta fi miki? Ni dai na gama zaɓe, kuma ba fenti ba."

Ta yi ta murmushi ita kaɗai. Son shi take, ta sani.

Da maganar ta kai kunnen Malam Jalo, mahaifinta, bai yi murmushi ba. "Mai fenti? Ga ɗan abokina a GRA yana jira?" Washegari da safe ya nuna wa Abdulbaqi rawaya mai kama da man shanun. "Shafa wannan yau, ka gama ka bar min gida."

Radiyya ta dubi Abdulbaqi. In ya musa wa Baba, shi ke nan.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Abdulbaqi, kansa a ƙasa. "Ba ita ba ce. Ka ba ni zuwa la'asar."

Da la'asar rana ta shigo ta taga. Mai man shanun ta koɗe, ƙwaiduwar ta ɗau ɗumi. Tsohon ya matso ya shafa bangon.

"Wa ya gaya maka?"

"Radiyya ta ce a nan Mama take mata kitso bayan la'asar."

Malam Jalo ya share ido da hannun riga. "Ka ce wa manyanka su zo."

Ranar da aka kai ta gidan Abdulbaqi, gwaggonninta suka yi ta sa albarka suka watse. Radiyya ta ɗaga mayafi a hankali ta dubi bangon ɗakinta. Rawayar Mama ce.