Muryar da Ta Shigo ta Mataccen Kunne

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Zakiyyu mai mazarƙwaila ya baro Makarfi a kan kekensa, ya nufi Dandamisa da kwalbar magani a aljihu. Na 'yarsa Murja ne, mai shekara shida. Wata uku ke nan kunnuwanta na zubar da mugunya. Wata uku uwarta Zulai na cewa, "Malam, a kai yarinyar nan asibiti," shi kuwa yana amsawa, "Bari a gama matsar rake." Sai dai ya ɗiga mata ɗumammen man shanu da gashin kaza, ya koma bakin kasko.

Sai yau aka kai ta asibitin Makarfi. Likita ya zana musu kunne a takarda. Ya ce sauti kan bi rami ya bugi wata fata siririya kamar ta ganga, ita ta kaɗa ƙananan ƙasusuwa uku, su miƙa wa wani murɗaɗɗen abu mai kama da dodon-koɗi, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Fatar Murja ta huje, ciwon ya shige ciki; gobe a wuce da ita Zariya. Ya duba kunnen Zakiyyu na hagu, wanda ya toshe shekara goma sha ɗaya, ya ce, "Wannan jijiyarsa ta mutu. Ko aradu ba za ta shiga ba."

Zulai da yarinyar suka riga shi komawa gida a mota, shi ya tsaya neman magani.

Hanya ta kutsa tsakanin gonakin rake. Babu kowa. Ganye na goga juna, sarƙar keke na ƙyas-ƙyas. Daga nesa ladan ya ɗaga murya, iska ta yanke ta.

"Zakiyyu."

Ya taka birki. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, tas kamar leɓenta na manne da fatarsa.

Ta kunnen hagu ta shigo.

Ya cusa yatsa ya toshe na dama. Ƙarar ganye ta ɗauke, duniya ta yi tsit.

"Zakiyyu, duba mini ɗana."

Abin da ba ya bin iska, ba ya bugun fata, ba ya neman jijiya, ya san ba maganar ɗan Adam ba ce.

Ya waiga, sai ga wata mace zaune a kan kunya, lulluɓe da baƙin zane, jariri a cinyarta. Wani ƙauri ya doki hancinsa: ƙonannen ruwan rake, gauraye da warin da ya sani a matashin Murja.

Ta yaye zanen. Inda kunnuwan jaririn ya kamata su kasance, fata ce a narke, shafe, babu rami.

"Ka tuna magaribar da ka kwashe kumfar kasko tana tafasa, ka watsa bayan bukka, ba bisimilla?"

Ya tuna. Washegarinta kunnensa ya mutu.

"Shekara goma sha ɗaya yana kuka. Ban taɓa ajiye shi ba."

Da ƙyar ya ce, "Ashe ke ce kika taɓa mini 'ya."

Ta yi dariya. Dariyar ta kewaya cikin mataccen kunnen kamar ƙwaro.

"Na je domin in taɓa ta. Na tarar tana kuka, kana kwance da lafiyayyen kunne a matashi, ka juyo mata wanda na kashe. Sai na ga ba ta bukatata. Tana da kai."

Ta miƙe. Ta ci gaba da miƙewa, har kanta ya wuce tsawon rake.

"Na daman ma ba ka aiki da shi."

Hannu mai sanyi ya shafi kuncinsa.

Ya runtse ido, ya kwarara Ayatul Kursiyyu da dukkan ƙirjinsa.

Rake ya kwanta hagu da dama.

Ya yar da keke. Ya ruga, ganye na yankar fuskarsa, hannunsa dafe da aljihu, bai tsaya ba sai a ƙofar masallacin Dandamisa, ana sallame salla.

Kwalbar ba ta fashe ba. Kunnensa na dama bai sami ko ƙwarzane ba. Da shi ya ji, a Zariya, sa'ad da likita ya ce ciwon ya cinye ƙasusuwan kunnuwan Murja duka biyu har ya taɓa jijiya, ya ƙara da cewa, "Da wata biyu baya kuka zo."

A gari, mutane suka ce aljanar rake ce ta shafi Murja. Suna zuwa jaje, suna tausaya masa. Zakiyyu bai taɓa gaskata su ba, bai kuma sami ƙarfin ƙaryata su ba.

Zulai ta daina ce masa komai a kan lamarin. Kowace safiya yakan zaunar da yarinyar a gabansa yana biya mata Fatiha, ita tana kallon leɓensa tana ƙoƙarin bi. In ya kwanta kuwa, kunnen hagu yake dannawa a matashi, ya bar na dama a buɗe, ko za ta kira.

Ta daina kira.