Ƙofar Ruwa Ba Ta Jin Ƙarfi

Bryony ta kafa bayanta a jikin gungumen da ake turawa a buɗe ƙofar ruwan da ke tare hanyar jirage, ta tura har idanunta suka yi ja. Ko gezau!

"Kina karya bayanki a banza," in ji mahaifinta Clive daga kan jirgin ruwan da suke zaune a ciki, yana kurɓar shayi. "Sai ruwan ciki ya yi daidai da na waje take buɗewa. A kan ruwan nan aka haife ki, kin sani."

"Na sani, Baba! Abin da ban sani ba, ina Rowan ke zuwa kullum da yamma, ya dawo da fenti a farce?"

"Komai da lokacinsa."

"Shi ma haka yake ce min! Baki kuka haɗa?"

Bara Rowan ya nemi aurenta. Clive ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai kwana a jirgin wani. Tun daga ranar Rowan bai sake tayar da zancen ba. Jiya kuma Imogen, 'yar kawunta, wadda ta daɗe tana yi wa Rowan fari da ido, ta raɗa mata, "Ɗakin wata yake gyarawa a garin Hebden. Nemi wani, 'yar'uwa."

Wanda ya ba magulmaci kunne, shi ya so wa kansa. Bryony ta bayar. Ga jakarta nan a gefen hanya: suna wuce ƙofar nan, za ta kama hanyar birnin Leeds ita kaɗai.

Sai dai a ɗaya ɓangaren akwai wani jirgi lulluɓe da tampol, yana jiran a buɗe ƙofar. Na wa ne? Me ake ɓoyewa haka?

Ruwan ya daina ƙugi. Gungumen ya tafi da kansa, saura ƙiris ta faɗi.

Tampol ɗin ya zame...

Rowan ne tsaye a kai! Tsohon jirgi ne, an zana masa jajayen furanni, ga sunanta ɓaro-ɓaro a gefe, fentin ko bushewa bai yi ba.

"Yana yoyo?" Clive ya ɗaga murya.

"Kaɗan, Baba."

"Nawa ma yana yi. Na ba ka ita."

Rowan ya tsallako, ya dubi jakar, ya dube ta. "Ina zuwa da kaya haka, abar ƙaunata?"

Kunya ta rufe ta. Ta ɗaga jakar, ta cilla masa a ƙirji.

"Gidana mana! Kai ta ciki, sarkin nawa."